Mai Karatu a Matsayin Matarki: Ɗabi'un Karatu da Ma'aunan Hukunci na Masoya Ƙagaggun Labaran Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi mai karanta ƙagaggun labaran Hausa, wato wanda yake karatu don sha'awa ba don jarrabawa ba. An bi sawunsa tun daga zamanin Hukumar Fassara, aka ratsa ta shagunan hayar littattafai, har zuwa yau da labari ya koma cikin wayar hannu. An ɗora nazarin a kan Ra'in Martanin Mai Karatu. Maƙalar ta nuna cewa yadda littafi yake isa hannun mai karatu yana da tasiri a kan zubin labarin kansa, kuma mai karatu yana da ma'aunan tarke nasa, waɗanda ba su zo daidai da na jami'a ba, amma ba su rasa tsari ba.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya leƙa ma'ajiyar kundayen digiri a sassan Hausa na jami'o'in Nijeriya zai tarar nazarin ƙagaggun labarai ya fi karkata ga abu biyu: marubuci da matani. Akan kawo tarihin marubuci da jerin ayyukansa, a shiga jigo da warwararsa, a duba zubi da tsari, a tsaya kan salo da sarrafa harshe, a rufe da taurari. Tsari ne mai amfani, kuma shi ya raini mafi yawan masu tarken adabin Hausa na yau. Sai dai tukunya ba ta zama a kan duwatsu biyu. Dutse na uku shi ne mai karatu, wanda ya cire kuɗinsa ya sayi littafin, ko ya yi hayarsa, ko ya aro, ya hana idonsa barci, sannan ya yanke hukunci ko labarin ya yi ko bai yi ba. A yawancin kundaye ana ambatonsa ne a jimla ɗaya, inda ake cewa marubuci ya yi amfani da salo mai jan hankalin mai karatu. Wane mai karatu? Da me aka auna cewa hankalinsa ya jawu?

Akwai wata 'yar matsala ta nahawu da ya kamata a kawar tun daga farko. Kalmar "mai karatu" ba ta bambance jinsi ba, amma wakilin sunan da zai biyo bayanta dole ya bambance. Al'adar rubutun ilimi ita ce a ce "shi". Za a bi wannan al'ada a kan zamanin farko. Daga shekarun 1980 kuwa za a koma cewa "ita", domin manazarta da dama sun lura cewa mata, 'yanmata da matan aure, su ne ƙashin bayan kasuwar waɗannan littattafai.

2.0 Ra'in da Aka Ɗora Nazarin a Kai

Ra'in Martanin Mai Karatu ya bunƙasa ne a Jamus da Amurka daga ƙarshen shekarun 1960. Hans Robert Jauss ya nuna cewa kowane mai karatu yana tunkarar sabon littafi da wata da'irar tsammani da littattafan da ya karanta a baya suka gina masa, kuma ana gane matsayin littafi ne daga yadda ya cika wannan tsammani ko ya saɓa masa. Wolfgang Iser ya mai da hankali kan giɓin da matani yake bari domin mai karatu ya cike da tunaninsa. Stanley Fish (1980) ya ƙara da cewa ba mutum ɗaya ke yin fahimta ba, jama'a ce mai ƙa'idoji iri ɗaya take yin ta tare.

Wadda aikinta ya fi kusa da abin da ake magana a kai ita ce Janice Radway. A littafinta Reading the Romance (1984) ta zauna da wasu mata masu karanta labaran soyayya a wani gari na Amurka, waɗanda suke dogara da shawarar wata mai sayar da littattafai. Ta gano abu biyu. Na farko, matan suna bambance labarin da ya yi nasara da wanda ya faɗi bisa ƙa'idoji sanannu a tsakaninsu, alhali masana na kallon littattafan duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Na biyu, ɗaukar littafin kansa yana da ma'ana dabam da abin da ke cikinsa, domin lokaci ne da mace take ware wa kanta daga hidimar gida. Ba za a kwaso sakamakon Radway a jibga wa matan Kano ko Maraɗi ba, domin tsarin aure da na gida da na addini sun bambanta. Abin aro a wurinta shi ne tambayar, da kuma ladabin ɗaukar amsar mai karatu da muhimmanci.

3.0 Daga Wanda Aka Ba Zuwa Wadda Ta Zaɓa

Ƙagaggen labarin Hausa na boko bai samu don wani ya nema a kasuwa ba. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ya zagaya manyan garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta labarai, kuma shi da kansa ya bayyana a wata maƙala ta 1936 irin wuyar da ya sha kafin ya gamsar da su cewa ƙirƙirar labari aiki ne da ya dace da malami. Daga wannan yunƙuri aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo da Jiki Magayi na John Tafida da East. Magana Jari Ce ya biyo baya daga 1937. Mai karatun da aka hanga a lokacin ɗan makaranta ne, namiji, wanda aka koya wa boko ake kuma neman abin da zai karanta kada karatun ya zube. Ba shi ya zaɓa ba, an ba shi ne. Hukumomin da suka biyo baya, Kamfanin Gaskiya daga 1945, NORLA a shekarun 1950, da NNPC daga 1966, duk sun ci gaba da dogara da makarantu da ma'aikatun ilimi a matsayin babban mai saye. Ko gasar da ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwahid da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina a 1980 editoci da alƙalai ne suka yanke hukuncinta.

Abu biyu suka sauya wannan. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya yaye ɗimbin yara, ciki har da 'yanmata, waɗanda suka iya karanta Hausar boko ko da ba su yi nisa da Turanci ba. Sannan taɓarɓarewar tattalin arziki, musamman bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, ta karya manyan maɗaba'u. Aka wayi gari ga masu karatu ba littafi. Matasa suka fara buga nasu da kuɗinsu a ƙananan maɗaba'u. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed yana cikin na farko-farko, Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu ya fito a 1987, In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a farkon shekarun 1990, sai Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Ahmed Funtuwa a 1994. A karo na farko a tarihin zuben Hausa, wanda zai ce a sake buga littafi ko kada a sake ba sufeton makaranta ba ne. Yarinya ce mai canjin cefane a hannu.

4.0 Ɗabi'un Karatu da Tasirinsu a Kan Zubi

Littafin wannan zamani siriri ne, mai araha, an raba shi kashi biyu ko uku ko huɗu. Ana sarar sa a Kano, a kasuwar Kurmi da kewayen Sabon Gari, ya bi motocin 'yan kasuwa zuwa Kaduna da Katsina da Sakkwato, ya ƙetara Maraɗi da Damagaram. Amma adadin kwafin da aka sayar bai taɓa zama adadin masu karatu ba. A unguwanni akwai masu hayar littafi, wani lokaci shago guda, wani lokaci kwali ne a gefen teburin mai kayan masarufi, wani lokaci kuma wata matar aure ce a cikin gida. Akan biya 'yan kuɗi kaɗan a ɗauki littafi na kwana ɗaya. Matar da ke kulle ƙanenta ko almajirin gidan take aika. Kwafi ɗaya yakan zaga gida guda kafin a mayar, a kuma karanta shi a bayyane ga wadda ba ta iya boko ba. Da gidajen rediyo suka shiga karanta littattafan a shirye-shiryensu, sai da'irar ta haɗa da waɗanda ba su taɓa riƙe littafin ba.

Waɗannan ɗabi'u sun bar tabo a jikin matani, kuma matarkin da bai san su ba zai ɗauki dabara a matsayin kuskure. Littafin da za a mayar gobe da safe dole ya karantu a zama ɗaya ko biyu, shi ya sa hira ta fi siffantawa yawa, jimloli suka gajarta. Littafin da za a katse saboda kukan yaro ko tukunya a wuta yana bukatar maimaita sunaye da dangantaka domin kada zare ya ɓace. Littafin da za a karanta a bayyane yana jingina da karin magana da kirari da zaurancen hira, abubuwan da kunne ya fi ido jin daɗinsu. Uwa uba, littafin da ke da kashi na biyu dole ya tsaya a inda rai zai rataya: an ɗaura aure ango bai san amarya ba, ko mota ta ƙwace, ko an buɗe wasiƙa ba a faɗi abin da ke ciki ba. Akan zargi marubuta da cewa son kuɗi ne ya sa suke yanka labari, kuma zargin ba ya rasa gaskiya. Amma giɓin da Iser yake magana a kai shi ne wannan, an mai da shi na kwanaki ko makonni, kuma a cikinsa masu karatu suke zama su yi ta hasashe da gardama kan abin da zai faru. Wannan hira ta tsakanin kashi na ɗaya da na biyu ita ce majalisar tarke mafi girma da zuben Hausa ya taɓa samu, ba ta kuma bar rubutu ba.

Wani abin lura shi ne karatun ɓoye. Iyaye da malamai da yawa sun ɗauki littattafan a matsayin masu ɓata tarbiyya, don haka ɗaliba takan cusa nata a tsakiyar littafin darasi ko ƙarƙashin katifa. A 2007 gwamnatin Jihar Kano, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, ta ƙona littattafan da aka ƙwace daga hannun ɗalibai mata. Ko me mutum zai ce game da dacewar wannan mataki, ya tabbatar da cewa hukuma ta san ƙarfin wannan mai karatu tun kafin kundayen digiri su waiwaye ta. Abin sha'awa, ɗaya daga cikin hotunanta mafi kyau a rubuce ya zo ne a littafin Turanci. A Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim (2015), wanda ya ci kyautar adabi ta NLNG a 2016, yarinyar nan Fa'iza, wadda rikicin Jos ya bar wa tabo a zuciya, tana fakewa ne a littattafan soyayya na Hausa da take musaya da ƙawayenta, yayin da Hajiya Binta take komawa ga littafin manyan zunubai na Az-Zahabi duk lokacin da zuciyarta ta tuhume ta. Gida ɗaya, masu karatu biyu, kowace da ciwon da take nema wa magani a takarda.

5.0 Gardamar Masoya Littafi Biyu

Muhawarar da aka tafka a shekarun 1990 a jaridu irin su Nasiha da shafin adabi na New Nigerian Weekly, wanda Ibrahim Sheme ya kula da shi, an saba gabatar da ita a matsayin rikici kan ingancin littattafan. Ana iya karanta ta kuma a matsayin saɓani tsakanin da'irar tsammani guda biyu. Ibrahim Malumfashi, wanda ya yaɗa sunan "Adabin Kasuwar Kano" bisa kwatanci da adabin kasuwar Onica, masani ne da ya yi zurfi a ayyukan Abubakar Imam, kuma da wannan ma'auni ya duba sababbin littattafan: ya ga rashin tacewa, ya ga jigo ɗaya ana ta juya shi, ya ga inuwar finafinan Indiya, ya yi hasashen cewa yayi ne mai wucewa, har daga baya ya rubuta maƙalar da ya yi wa wannan adabi jana'iza. Abdalla Uba Adamu, wanda a lokacin fagensa ilimin koyar da kimiyya ne, ya shigo ta wata ƙofa. Ya tara littattafan da yawa, ya dube su a matsayin shaidar sauyin al'umma, ya kuma jaddada cewa sun sa matasa karatu da harshensu a lokacin da babu wata hukuma da ta iya yin haka. Yusuf M. Adamu da wasu marubutan sun tsaya kusa da wannan matsayi.

Bayan shekaru kusan talatin, ana iya cewa kowannensu ya faɗi rabin gaskiya. Hasashen Malumfashi ya tabbata a kan takarda: fim ɗin bidiyo ya janye marubuta da jari, kamar yadda In Da So Da Ƙauna da Alhaki Kuykuyo Ne suka koma finafinai, tsadar takarda ta ƙarasa sauran, shagunan haya kuma suka yi ta rufewa. Amma gawar da aka yi wa salla ta littafi ce, ba ta mai karatu ba. Ita ƙaura ta yi. Abin da ya fi jan hankali a muhawarar shi ne yawancin masu maganar maza ne masu digiri, suna rubutu, sau da yawa da Turanci, a kan abin da ya dace ko bai dace wata ta karanta ba. An yi ta aski a bayan mai kai.

6.0 Ma'aunan Mai Karatu

Idan aka saurari yadda masu karatu suke hira a kan littafi, za a ji wasu kalmomi suna maimaituwa. Akan ce labari "ya yi ma'ana", ko "akwai darasi", ko "ya taɓa zuciya". Akan yi kuka da cewa "an ja shi da yawa", ko "ƙarya ta yi yawa", ko "ƙarshen bai yi ba". Waɗannan ba surutu ba ne kawai, ma'aunai ne, kuma kowanne yana da ɗan'uwa a kalmomin jami'a ba tare da sun zama abu ɗaya ba.

"Darasi" ya yi kusa da jigo, amma ya fi shi nauyi. Jigo abin da labari ya ƙunsa ne, darasi kuwa abin da mai karatu za ta ɗauka ta yi aiki da shi ne: yadda ake zama da kishiya, yadda ake magana da miji ko uwar miji, har girki da kwalliya, abubuwan da littattafan Bilkisu Funtuwa suka yi suna da su. Darasi kuma garkuwa ne. Da shi mai karatu take kare kanta idan an ce tana ɓata lokaci, da shi marubuci yake kare kansa gaban malamai da Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i. Saboda haka bai kamata manazarci ya ɗauki kalmar a kan fuskarta kullum ba. Wani lokaci wadda ta ce darasi ya riƙe ta, jan rai ne ya riƙe ta, darasin kuɗin shiga ne.

"Ƙarya ta yi yawa" ya fi ban mamaki, tunda duk ƙagaggen labari ƙarya ne. Mai karatun da ta amince da aljani ya auri mutum a wani littafi ita ce za ta yi tsaki idan an ce matashi ɗan shekara ashirin da biyar ya mallaki jiragen sama da asibitoci a ƙasashe uku. Abin da take aunawa shi ne ko labarin ya cika alkawarin da ya ɗauka da kansa. Wanda ya ce duniyar aljanu zai kai ta an ba shi dama, wanda ya ce Kano ce dole Kanon ta yi kama da Kano. Duk da haka attajirin saurayi miskili da talakar yarinya kyakkyawa ba su bar fagen ba, kuma masu kukan su ne masu saye. Wannan saɓani tsakanin abin da baki ke faɗa da abin da hannu ke ɗauka yana cikin abubuwan da suka fi cancantar bincike.

Ma'aunin da ya fi tsanani shi ne na ƙarshen labari, kuma a nan sakayya ce ake nema kafin farin ciki. In Da So Da Ƙauna ya biya wannan bukata: Sumayya ta ƙi attajirin da aka zaɓa mata saboda Muhammad talaka, ta kai ga faɗawa rijiya, ta tsira, daga ƙarshe so ya yi rinjaye. Wa Zai Auri Jahila? ya biya ta ta wata hanya, domin Abu da aka cire daga makaranta aka aurar wa tsoho ta gudu ta yi karatu har ta fi ƙarfin waɗanda suka raina ta. Alhaki Kuykuyo Ne kuwa, wanda Aliyu Kamal ya fassara zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012, ya fi wuyar sha'ani. Alhaji Abdu ya wulaƙanta Rabi da 'ya'yanta tara, ya kore ta saboda Delu, Rabi ta tsaya da ƙafarta da sana'ar abinci, shi kuma dukiyarsa ta ƙone. An yi sakayya. Amma sai aka matsa wa Rabi ta koma gidan mutumin da ya tozarta ta, a lokacin da ba shi da komai sai bukata. Mai neman darasin haƙuri za ta ce ƙarshen ya yi. Mai neman adalci za ta rufe littafin da ɗaci a maƙogwaro. Ra'ayin wannan maƙala shi ne ɗacin nan da gangan aka bar shi, kuma shi ya ɗaga littafin sama da takwarorinsa: ya ba mai karatu abin da ta zata, ya kuma sa ta tambayi kanta ko abin da take so ke nan. Irin wannan saɓa wa tsammani Jauss yake nufi, kuma ba a iya ganinsa sai an san tsammanin.

7.0 Da Labari Ya Koma Waya

Yau mafi yawan sababbin ƙagaggun labaran Hausa ba sa ganin maɗaba'a. Ana sakin su shafi-shafi a zaurukan WhatsApp da Facebook da Telegram, da manhajoji irin su Wattpad da ArewaBooks, ana kuma karanta su da murya a YouTube. Tsarin kasuwar ya yi kama da na da fiye da yadda ake zato. Marubuciya takan saki shafukan farko kyauta, idan rai ya rataya sai a biya ta banki ko da katin waya a shiga zauren masu biya. Marubuta sukan haɗa gwiwa su sayar da littattafansu a dunƙule, kamar yadda Zafafa Biyar suka yi suna, abin da ke tuna wa mai nazari ƙungiyoyin Raina Kama da Kukan Kurciya na shekarun baya. Aron littafi ma bai mutu ba, sai dai yanzu sunansa fitar da littafin kuɗi, kuma marubuta suna buɗe shafukansu da Allah-ya-isa a kansa.

Babban sauyin shi ne lokacin da hukunci yake isowa. A da sai littafi ya fito wasiƙa take zuwa. Yanzu sharhi yana sauka tun labarin bai kai rabi ba, marubuciya tana gani kafin ta rubuta shafin gobe, har takan yi barazanar dakatawa idan sharhi ya yi ƙaranci. Masu karatu sukan rabu gida biyu, 'yan bayan uwargida da 'yan bayan amarya, kowane ɓangare yana matsa lamba. Mai karatu ta tashi daga mai cike giɓi ta zama mai hannu a ginin. Ribar a fili take: marubuciya a ƙauyen da babu maɗaba'a tana iya samun dubban masu bibiya ba tare da dillali ba. Hasarar ma a fili take. Labarin da ake rubutawa kullum ba ya samun bita, ba a iya komawa a gyara babi na uku saboda abin da ya faru a na talatin, ƙa'idojin rubutu sun zube har ƙ da k sun zama ɗaya, Turanci yana cin rabin hira, kuma inda sharhi ya fi yawa can alƙalami yake karkata, wanda shi ne ɗaya daga cikin dalilan yawaitar batsa da masu karatun kansu suke kuka da ita. Marubuciyar da ke jin numfashin masu karatu a ƙeyarta da wuya ta yi abin da Balaraba ta yi wa Rabi.

A gefe guda akwai wani mai karatun na dabam, wato alƙalin gasa. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 domin mata, ta ƙayyade labari tsakanin kalma 1,000 da 1,500, ta kuma fito da labarai irin su "Sansani" na Aisha Muhammad Sabitu a shekarar farko, "Bai Kai Zuci Ba" na Maimuna Idris Sani Beli a 2017, da "Garar Biki" na Amira Souley daga Nijar a 2022. Ma'aunin alƙalai taƙaitawa ce da tsabtar harshe da jigo mai nauyin al'umma, kusan kishiyar abin da zauren waya yake sakawa a kai. Marubuciya ɗaya takan rubuta wa duka biyun, da murya biyu. Kwatanta labarin gasa da dogon labarin waya na marubuciya guda zai nuna, fiye da kowace hujja ta ra'i, yawan abin da mai karatu yake rubutawa a cikin littafin da ba sunansa ke bango ba.

8.0 Matsalar Hujja

Littattafan takarda sun samu masu ceto. Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess sun fitar da jerin ɗaruruwan littattafan da aka buga tsakanin 1987 da 2002, akwai kuma tarin da aka adana a Landan da wanda ke hannun masana a Kano. Abin da aka adana matani ne. Sawun mai karatu yana wasu wurare da ba a saba ɗauka a matsayin hujja ba: shafukan godiya da jerin sunayen masoya da marubuta suke bugawa a farkon littafi ko ƙarshensa, wasiƙun da mujallu irin su Fim suka buga, rubutun da aka yi da biro a gefen shafin tsohon kwafi, da littafin rajistar mai haya, inda ya rubuta wane littafi ya fita, sau nawa, ya kwana nawa. Rajista ɗaya irin wannan ta shekarun 1990 za ta faɗi abin da aka fi karantawa a unguwa da tabbacin da adadin bugu ba zai bayar ba, ga shi kuwa takarda ce da ake ƙunsa ƙosai da ita idan shago ya rufe.

Na waya ya fi saurin salwanta. Manhajar OkadaBooks, wadda marubutan Hausa da yawa suka sayar da littattafansu a kai, ta rufe a ƙarshen Nuwamba 2023. Zauren WhatsApp kuwa yakan watse da zarar labari ya ƙare, sharhin dubban mutane ya tafi da sauyin waya. Ga kuma batun izini. Da yawan waɗannan zauruka na mata ne zalla, an gina su bisa amana, ana faɗin abubuwan da suka shafi aure da gida waɗanda ba a yi nufin su fita ba. Manazarcin da ya shiga da sunan aro ya kwashi maganganu ya samu bayanai ta hanyar da kwamitin ɗa'ar bincike bai kamata ya amince da ita ba. Hanyar da ta rage ita ce ta neman yardar marubuciya da mambobin zaure, a ɓoye sunaye, kuma a bar aikin a hannun ɗalibai mata na sassan Hausa, waɗanda da yawansu tun kafin su zo jami'a mambobin waɗannan zauruka ne.